Power Mike: Ɗan Kasuwar Anacha da Kano Ta Mayar Zakaran Kokawa

A ranar 11 ga watan Maris na shekarar 2004 ne Michael Okpala ya rasu a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, bayan ya daɗe yana jinya. Yana da shekara 64 a duniya. Waɗanda suka san shi da wannan suna ba su da yawa, amma da wuya a samu ɗan Najeriyar da ya yi wayo a shekarun 1970 wanda bai taɓa jin sunan Power Mike ba. A zamaninsa babu ɗan kokawar zamani a ƙasar nan da ya kai shi suna, har ta kai sunan nasa ya zama abin kwatance ga duk wanda ya fi sa'o'insa ƙarfi.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da ya shafi Arewa kai tsaye, wanda kuma ba a cika tunawa da shi ba. A ƙasar Igbo aka haife shi, a Onitsha, garin da Hausawa ke kira Anacha, ya koyi dambe, amma a Kano ya gano cewa ƙarfin damtsensa sana'a ce, a can kuma ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. Rayuwarsa ta bi hanyar da ta haɗa Gabas da Arewa, hanyar da Hausawan Fatakwal da Anacha da Enugu suka biyo daga ɗaya ɓangaren. Wannan hanya ta yanke a 1966, ba ta sake buɗewa ba sai a 1970, shekarar da shi ma ya dawo Afirka ya ci kambu.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Michael Okpala ranar 8 ga watan Agusta na 1939 a garin Neni, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Anaocha ta Jihar Anambra. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya uku. A shekarar da aka haife shi ne Turawan mulkin mallaka suka raba Kudancin Najeriya gida biyu, Gabas da Yamma, saboda haka ya taso ne a matsayin ɗan Lardunan Gabas. Ya yi firamare a makarantar mishan ta Angilikan da ke Adazi-Enu, wani gari da ke maƙwabtaka da Neni, kuma tun a nan aka fara ganin sha'awarsa ga wasannin motsa jiki, musamman dambe.

Ƙasar da ya taso ta san darajar mai ƙarfi. Igbo suna da kokawarsu ta gargajiya da suke kira mgba, wadda ƙauye ke karawa da ƙauye a dandali, ana kiɗa, dattawa suna kallo. Saurayin da ya kayar da gwanin wani gari ya ɗaga sunan danginsa, kamar yadda yake a kokawar ƙasar Hausa bayan kaka. Littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, da labarin irin wannan kaye ya fara, kuma marubucin ɗan Ogidi ne, kusa da Anacha. To amma kokawar ƙauye suna take kawowa, ba ta ciyar da iyali. Yaron da ya gama firamare a wancan lokaci, in babu halin wucewa gaba, kasuwa ce ke jiransa.

Anacha, tsakanin shago da damben zamani

A 1952, yana ɗan shekara 13, ya bar Neni zuwa Anacha domin koyon kasuwanci. Tsohuwar al'ada ce a ƙasar Igbo yaro ya zauna a hannun ubangida shekaru da dama yana tsaron shago, in ya ƙware a sallame shi da jari, abin da ɗan kasuwar Kantin Kwari zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Anacha kuwa ita ce uwar kasuwannin Gabas. Tana bakin Kogin Kwara, kuma a lokacin babu gada, sai jirgin fito ke ƙetarar da mutane da motoci zuwa Asaba, domin ba a gama gadar ba sai a 1965.

Garin ba na Igbo kaɗai ba ne. Fataken Nufawa da Hausawa sun daɗe suna saukowa ta kogi da ta tudu, har suka kafa unguwanninsu, kuma har yau akwai titin Bida da titin Sakkwato a kusa da babbar kasuwa. Haka abin yake a Enugu, garin da kwal ya haifa, da Fatakwal, tashar da aka gina domin fitar da kwal ɗin. Layin dogo ya haɗa su biyun a 1916, daga baya ya miƙe zuwa Arewa, gadar Makurɗi ta kammala haɗin a 1932. Shanu da wake da busasshen kifi suka riƙa gangarowa, mahauta da dillalai suka biyo su. Zaman ya yi ƙarfin da a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Enugu na farko ta hanyar zaɓe.

A Anacha ne Okpala ya shiga ƙungiyar damben zamani mai ɗauke da sunan Dick Tiger, inda ya riƙa dambe a ajin matsakaita nauyi ba don kuɗi ba. Richard Ihetu, wato Dick Tiger, ɗan Amaigbo da aka haifa a 1929, shi ne ya zama madubinsa. A wancan lokaci Tiger bai fita waje ba tukuna. Sai a 1955 ya tafi Liverpool, a 1962 ya doke Gene Fullmer na Amurka ya zama zakaran duniya, ya kuma kare kambun a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a watan Agustan 1963. Kafin shi, Hogan Bassey ɗan Kalaba ya ci kambun duniya a birnin Paris a 1957. Samarin Gabas na wannan zamani sun ga da idonsu cewa talaka na iya fita duniya da hannuwansa biyu.

Kano ta ba shi sana'a da suna

Daga Anacha ya wuce Kano domin ya ƙware a saye da sayar da tayoyin mota, ya kuma haɗa da koyon kanikanci. Zaɓin yana da hujja. Kano ta shekarun 1950 ita ce cibiyar cinikin gyaɗa, inda ake tara buhuna dala-dala ana jiran jirgin ƙasa, manyan motoci kuma suna kwaso kaya daga ƙauyuka a kan hanyoyin burji masu cin taya. Duk wanda ya riƙe cinikin taya da kayan gyaran mota yana da abin yi, kuma 'yan Gabas sun yi ƙarfi a wannan fanni. Mafi yawansu a Sabon Gari suke, unguwar da aka keɓe wa baƙi 'yan Kudu tun farkon zuwan jirgin ƙasa. Kamar yadda Anacha ke da titin Bida da na Sakkwato, haka Sabon Gari ke da titin Enugu da titin Aba.

A nan ne rayuwarsa ta juya. Ya fara nuna bajintar ƙarfi a gaban jama'a, ya raɗa wa kansa suna Power Mike, wato Mike mai ƙarfi. Yana lanƙwasa ƙusa mai inci shida da hannu, yana fasa kwakwa da hannu ba tare da wani makami ba, yana ɗaga ƙarti huɗu a lokaci guda, yana kuma ja-in-ja da igiya shi kaɗai da gungun mutane. Abubuwa ne da kowa ya san nauyinsu. Kafinta ya san taurin ƙusa, ɗan dako ya san nauyin mutum, saboda haka ba a buƙatar tafinta tsakanin mai wasan da masu kallo.

Kano kuma gari ne da ya saba da irin wannan taro. 'Yan tauri suna wasa da wuƙa a jikinsu, gardawa suna yawo da kura da maciji, mahauta suna da dambensu, manoma suna da kokawarsu. Bahaushe ya san yadda ake kewaye mai wasa a yi da'ira, ya san yin kari ga wanda ya burge shi. Saurayin da ya zo koyon cinikin taya ya tarar da masu kallo da suka riga suka iya kallo. Abin da ya ƙara shi ne salon zamani: suna na Turanci, tsarin wasa mai farko da ƙarshe, da shirin ɗaukar wasan daga gari zuwa gari.

Rangadin ƙasa da ƙetare

A 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, ya fara zagayen ƙasa. Ya yi wasa a Anacha da Enugu da Aba da Fatakwal, ya je Legas, ya hau Jos da Kaduna. In aka duba jerin garuruwan, za a ga galibinsu garuruwan jirgin ƙasa ne da na kasuwa, inda ma'aikata da fatake daga kowane sashe suke cuɗanya, inda kuma ake da mutanen da ke da 'yan sulallan biyan kuɗin ƙofa. Ya koma garin da ya bari yana yaron shago, wannan karon da sunan da ya samo a Kano.

A 1964 ya ƙetara zuwa Ghana. A 1967 ya bi ta Kwaddebuwa da Senegal, daga nan ya shiga Turai, inda ya samu kwantiragin wasa a Suwidin. Daga Suwidin ya wuce Girka, kuma a can ne ya tashi daga mai nuna ƙarfi ya zama ɗan kokawa. Daga bisani ya je Ingila ya ƙara gogewa. Shekarunsa sun kusa talatin, wato ya shiga sana'ar a makare, amma ya zo da abubuwa biyu da ba kowane sabon shiga ke da su ba: ƙarfi na gaske, da sanin yadda ake riƙe hankalin taro.

Shekarun da hanya ta yanke

Yana cikin wannan tafiya ƙasar da ya baro ta shiga mafi munin kwanakinta. Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya ci rayukan Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da wasu shugabanni. A watan Yuli aka yi juyin mulki na biyu. A cikin shekarar aka kashe dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, har da Kano, waɗanda suka tsira suka kwashe zuwa gida. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma ba su tsira ba, an kashe wasu, saura kuma suka bar gidaje da rumfuna suka hau jirgi. Sabon Gari ta zama kufai, unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Enugu suka zama haka.

An ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, yaƙi ya ɓarke a watan Yuli. Dakarun tarayya sun kama Enugu a watan Oktoba na shekarar, Anacha a Maris na 1968, Fatakwal a Mayu. Babbar kasuwar Anacha ta ƙone, gadar da aka gama shekara biyu kafin nan ta lalace. Garuruwan da Power Mike ya cika da 'yan kallo a 1961 sun zama fagen daga.

Madubinsa Dick Tiger ya tsaya tare da Biyafara, ya karɓi muƙamin soja a rundunarta, ya mayar wa Ingila lambar girmamawar da ta ba shi. Yaƙin ya cinye dukiyarsa, ya ƙare yana gadi a wani gidan tarihi a birnin New York. Ciwon dajin hanta ya kama shi, aka bar shi ya dawo gida, ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamban 1971 yana da shekara 42. Ƙaddarar Power Mike ta bambanta da tasa. Shekarun yaƙin sun same shi yana koyon sabuwar sana'a a Turai, ya kuma dawo a daidai lokacin da ƙasar ke neman abin da zai tara mutanenta wuri guda ba tare da faɗa ba.

Yadda kokawar zamani take

Kafin a auna nasarorinsa, ya kamata a san irin wasan da ya shiga. A kokawar gargajiya da zarar gwiwa ko baya ya taɓa ƙasa an yi kaye, kuma babu wanda ya san mai nasara sai an kara. Kokawar zamani ta 'yan kasuwa, wadda matasa ke kira reslin, haɗin wasan motsa jiki ce da wasan kwaikwayo. Ana yin ta a dandalin da aka kewaye da igiya, ana cin nasara in an danne kafaɗun abokin karawa alƙali ya ƙirga uku, ko in ya sallama. Masu shirya wasan su ne ke tsara yadda zai ƙare, su ne kuma ke raba matsayi, wannan jarumi, wancan mugu. Amma ɗaga mutum mai kilo ɗari a maka shi da ƙasa ba a yin sa da wasa, kuma karaya da targaɗe na gaske ne. Kambu kuwa kowane kamfani da nasa, shi ya sa ake iya samun zakarun duniya da dama a lokaci guda.

Ingila ta wancan zamani tana cikin ganiyar wannan wasa. Daga 1965 tashar ITV tana nuna shi kowace Asabar da yamma, ana yin sa turmi-turmi kamar dambe. Akwai baƙaƙen fata da suka yi fice a can, irin su Johnny Kwango, wanda aka sani da karo da ka, da Masambula ɗan Gambiya, wanda ake fito da shi cikin fatar damisa a siffar boka, domin haka Bature mai kallo yake so ya ga ɗan Afirka.

A 1970 Power Mike ya dawo Afirka ya doke Masambula, ya zama zakaran nahiyar a ajin masu nauyi. A 1973 ya doke Ali Baba na Labanan, karawar da ta fi kowace zama a bakin mutane. Ya kuma kayar da Johnny Kwango a Legas. A gida ba a fito da shi a siffar boka ko ɗan daji ba. Shi ne jarumin, baƙi ne ke zuwa su gwada shi. Ya yi ritaya a 1976, kuma a Najeriya ana tunawa da shi a matsayin zakaran duniya da ya sauka ba a ƙwace kambunsa ba.

Lokacin ya dace da shi. Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauki manufar sulhu da sake gina ƙasa, ta kuma ɗauki wasanni a matsayin hanyar haɗa kai. An buɗe Babban Filin Wasa na Ƙasa a Surulere a 1972, Legas ta karɓi gasar wasannin Afirka a 1973, a shekarar kuma aka fara bikin wasanni na ƙasa. Kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata da dama suka sayi talabijin. Tashoshin da aka kafa a Ibadan a 1959, a Enugu a 1960, da a Kaduna a 1962 sun koma ƙarƙashin hukuma guda a 1977. Shago ya samu Ɗan Anace ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba. Power Mike kuwa talabijin da jaridu ne suka yi masa wannan aiki. Ɗan Igbo, 'yan shekaru kaɗan bayan yaƙi, ya zama wanda ake yi wa tafi da sunan Najeriya.

Takwaransa na Japan

Irin wannan ya taɓa faruwa a wata ƙasa mai nisa, kuma kwatanta su yana haska labarin. Bayan Japan ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu, wani tsohon ɗan kokawar sumo mai suna Rikidozan ya koyi kokawar zamani a Amurka, ya kafa kamfaninsa a 1953, shekarar da aka fara talabijin a ƙasar. A Fabrairun 1954 ya kara da wasu 'yan'uwa biyu, Ben da Mike Sharpe, 'yan Kanada da jama'a suka ɗauka Amurkawa ne. Dubban mutane suka yi cincirindo a gaban akwatunan talabijin da aka kafa a tituna, suna kallon nasu yana sarar ƙattin Turawa da gefen hannu. Karawarsa da Lou Thesz a 1957 ta ja kashi 87 cikin ɗari na masu kallo.

Abin da mafi yawan masu tafin ba su sani ba shi ne jarumin nasu ba Bajapane ba ne. An haife shi a 1924 a arewacin Koriya, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Japan, sunansa na yanka Kim Sin-rak. Saboda ƙyamar da ake nuna wa Koriyawa, sai aka ba shi sunan Japan, aka ce ɗan yankin Nagasaki ne, ya kuma ɓoye asalinsa har ƙarshen ransa. Wani ɗan daba ya soke shi da wuƙa a wani gidan rawa a Tokyo ranar 8 ga Disamban 1963, ya mutu bayan mako guda yana da shekara 39.

Dukansu biyu sun fito daga ɓangaren da ake kallo a matsayin bare, dukansu sun zama abin alfaharin ƙasar da yaƙi ya raunata, dukansu kuma da baƙi aka gina sunansu. Bambanci na farko shi ne Power Mike bai ɓoye kowaye shi ba. Kowa ya san ɗan Gabas ne, aka kuma karɓe shi a haka. Bambanci na biyu yana wajen abin da suka bari. Almajiran Rikidozan biyu, Giant Baba da Antonio Inoki, kowannensu ya kafa kamfani a 1972, kuma kamfanonin suna nan har yau. A nan ne labarin Najeriya ya gaza.

Daga dandali zuwa shirya wasa

Bayan ritayarsa, Power Mike ya koma shirya wasanni da kamfaninsa, Power Mike International Promotions. Ya kawo fitattun 'yan kokawar ƙetare Najeriya, cikinsu har da Mil Mascaras na Meziko mai rufe fuska, da Mighty Igor, da Bulldog Brower, da Carlos Colon na Puerto Rico. Waɗannan sunaye yaran Najeriya sun haddace su daga talabijin, sai ga masu su a fili. A wannan mataki cinikin da ya koya a Anacha da Kano ya yi masa rana, domin shirya wasa lissafi ne na kuɗin jirgi da masauki da haya da kuɗin ƙofa.

Lissafin ya dogara ne da ƙarfin naira. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 wanda ya karya darajar naira, biyan baƙo da dala ya zama abu mai wuya. Kaset na bidiyo, daga baya kuma tauraron ɗan Adam, suka kawo wasannin Amurka har cikin ɗaki, mai kallo ya daina buƙatar zuwa fili. An samu 'yan kokawa bayansa, amma ba a samu makaranta ko kamfanin da ya ɗore ya riƙa yaye sababbi ba. Abin lura shi ne a Jamhuriyar Nijar, inda hukuma ta ɗauki kokawar gargajiya ta kafa mata gasar takobi ta ƙasa a Tahoua a 1975, gasar tana nan ana yi, domin ba ta jiran baƙo ko kuɗin waje.

Power Mike ya yi shekarunsa na ƙarshe cikin rashin lafiya, nesa da hayaniyar da ya saba. Ya rasu shekara 28 bayan ya sauka daga dandali, a lokacin da yaran Najeriya suka fi sanin zakarun Amurka fiye da nasu.

Abin da ya rage

Hanyar da ya bi ta daɗe da komawa aiki. Bayan yaƙi 'yan Gabas sun koma Sabon Gari, cinikin taya da kayan gyaran mota ya sake tsayawa. Hausawa ma sun koma Fatakwal da Anacha da Enugu, kuma kullum manyan motoci suna gangarawa da shanu da albasa da tumatir, suna komowa da manja da kayan masarufi. Zaman bai rabu da tsoro ba. Rikicin da ya tashi a Arewa a watan Fabrairun 2006 ya jawo ramuwa a Anacha, inda 'yan Arewa suka rasa rayuka da dukiya, kamar yadda 'yan Kudu suka rasa a can. Duk wanda ke zaune a garin da ba nasa ba, a kowane gefe, ya san cewa abin da ya faru a nesa yana iya zuwa ƙofarsa kafin gari ya waye.

Saboda haka ne tarihin Michael Okpala ya wuce labarin ƙusa da kwakwa. Baƙo ne da ya shiga Kano neman abinci, garin ya ba shi fili da masu kallo, ya fita da sunan da daga baya ƙasa baki ɗaya ta yi taƙama da shi. Neni ce ta haife shi, Anacha ta koya masa dambe da ciniki, Turai ta koya masa kokawa, amma sunan Power Mike a Kano aka fara jin sa.